Hoton da na ɗauka ya sa ta sake gudu

Mama, don Allah ki taimake ni. Abin nan yana cina a rai, ko mijina ban iya gaya wa ba.

Ni ce sakatariyar zumuntar mata a ikilisiyarmu. Wata huɗu ke nan da muka sauki 'yan gudun hijira a azuzuwan makarantar Lahadi, aka jingine bencuna a bango aka shimfiɗa tabarmi. Ba yabon kai ba, mun yi ƙoƙari. Ni da hannuna na riƙa wanke wa wata tsohuwa gyambon ƙafa har ya warke. Amma muna da ƙa'ida: duk wanda aka ba kaya sai an ɗauki hotonsa riƙe da su, domin waɗanda suka bayar su ga sun isa. Ni ce mai ɗauka, don wayata ta fi kyau.

Akwai wata mai 'ya'ya mata biyu, ba ta da yawan magana, kullum tana sharar harabar coci ba wanda ya sa ta. Ranar rabon barguna ta roƙe ni a hankali kada in ɗauke ta. Ban tambaye ta dalili ba. Na zaci kunya ce, har na zolaye ta cewa ai kyakkyawa ce. Layi ya yi tsawo, na gaji, na ce mata ƙa'ida ce. Ta dubi yaranta, ta tsaya. Ranar na sa hotunan a shafin coci, ga allon sunan cocinmu a bayanta ɓaro-ɓaro.

Bayan kwana shida wasu maza biyu suka zo suna nuna wa mai gadi hoton a waya. Ya ce bai san ta ba, amma ta hango su. Ta ƙofar baya ta fice da yaran, har yau shiru. Daga baya abokiyar ɗakinta ta gaya mana a gabanta aka kashe mijinta, kuma ta san fuskokin waɗanda suka yi.

Ni kaɗai mai gadi ya gaya wa zancen hoton. Fasto ya ɗauka wani ne ya kai tsegumi. Na cire nata, na bar sauran, don in na cire duka za a tambaye ni. Sau biyu jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a sujada, yana wuce ni ban iya miƙa hannu ba. In na faɗa, da wane ido zan kalli matan? Ya zan yi?

Mai nadama

Amsa:

'Yata, ba ke kika kashe mata miji ba, ba ke kaɗai kika kafa ƙa'idar ba, kuma hidimarki ta wata huɗu gaskiya ce. Amma ta roƙe ki, kin fi ta ƙarfi, kika tsayar da ita. Wannan kam laifi ne, ba zan ɓoye miki ba.

Ki tuna Ubangijinmu ma an gudu da shi yana jariri, masu neman ransa na biye. Da wani mai kirki ya tallata masaukinsu don a ga alherinsa fa? Tausayi ya haɗa da rufa wa mutum asiri.

Kafin ki gama karanta wannan, ki cire sauran hotunan, ki roƙi waɗanda suka yaɗa su su goge. Yau ɗin nan ki sami fasto tare da mai gadi, ki faɗi komai. A sanar da hukuma zancen mutanen nan biyu. A soke ƙa'idar. Mai son shaida a nuna masa hoton kaya. Kada ki baza nemanta a waya, ɓuyanta ne kariyarta. Ki gaya wa mijinki ma, nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Za ki ji kunya, wasu za su yi gulma, zai wuce. Ki tuba ki koma jibi, don masu laifi aka shirya shi. Wataƙila ba za ki taɓa ganinta ki nemi gafara ba, sai ki ɗauki wannan nauyin. Amma sauran suna nan a azuzuwanku, fuskokinsu a waje, kuma ba su sani ba.

Allah ya tsare ta da 'ya'yanta inda suke, ya ba ki ƙarfin hali.