Ƙofar Gunvor Ranar Laraba

Bodø, 24 ga Nuwamba

Kaka Torleif,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwarka ta yi sauƙi. Tunda ka rantse ba za ka taɓa wayar hannu ba, ga wasiƙarka, tsoho mai taurin kai.

Ina lafiya. Ɗakin da na kama kusa da makaranta tsaf yake. Matar gidan ba ta da surutu, ni ma haka, sai mu kwana uku ba mu haɗu ba. Na ci shida a lissafi da tarihi, ka san babu sama da haka. A kimiyya biyar na samu, amma zan gyara. Da yake lokacin sanyi ne a nan can arewa, ƙarfe biyu na rana duhu ya rufe. A tsaye nake cin burodi da cuku, don har yanzu ban iya zama a tebur ni kaɗai ba.

Gunvor, ma'aikaciyar lafiyar makarantarmu, ta raba mana takardar tambayoyi: kina samun barci, kina da abokin hira. Ta ce wanda ta ga alamar damuwa a amsarsa za ta kira shi. An kira mutum huɗu a ajinmu. Ni ba a kira ni ba.

Ka gaishe da Mama in ta sauko daga aikin jirgin ruwa.

Jikarka,
Oline

Røst, 30 ga Nuwamba

Oline 'yar birni,

Ina gaishe ki. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, mun saba da juna.

Shekara arba'in na yi ina tantance busasshen kifi, in ɗaga, in shinshina, in jefa shi layinsa. Wasiƙarki ma na ɗaga ta. Babu gogewa ko ɗaya, layuka kamar an ja su da igiya. Sau nawa kika kwafe ta? Kin jera mini maki, amma ban ga sunan ƙawa ko ɗaya ba.

Kifi mai karyayyar wutsiya ba ya ba ni tsoro, kowa na ganinsa. Wanda ƙanƙara ta taɓa a wurin shanya shi ne matsala, fata sumul, ciki ya zama soso. Me kika rubuta a takardar matar nan?

Ki huta lafiya,
Kakanki

Bodø, 5 ga Disamba

Kaka,

Ina gaisuwa. Sau huɗu na kwafe ta.

Takardar kuwa, kowace tambaya na duba na gano amsar da ake so, na ba da ita. Barci, sosai. Ƙawaye, da yawa. Na fito ina murna kamar na ci jarrabawa. Sai da Sindre, mai zama a bayana, ya dawo daga wajen Gunvor ido jawur amma yana dariya, na ji hassada ta kama ni.

Tun ranar da na samu biyar ɗin nan barci ya guje ni. Da safe sai na yi amai kafin in tafi aji. Ranar Asabar ban furta komai ba sai "na gode" ga mai kanti. Kaɗaici ya ishe ni, Kaka.

Gunvor tana barin ƙofarta a buɗe ranar Laraba. Sau biyu na je na wuce kamar mai neman banɗaki. Na fara rubuta abin da zan ce mata, shafi uku, har yanzu bai tsaru ba. To me ma zan ce? Ga ɗaki, ga abinci, ga maki. Akwai waɗanda suka fi ni buƙata. In na gama tsarawa zan je, wataƙila bayan Kirsimeti. Kada ka faɗa wa Mama.

Taki... a'a, taka,
Oline

Røst, 10 ga Disamba

'Yar nan,

Gaisuwa. Na karanta sau uku, kofina ya huce a gabana.

Kina shekara takwas kika zana mini kwalekwalena. Abin da na fara cewa shi ne sandar tuƙin ta karkace. Kika karɓe takardar kika sake wani. Na farkon ne nake nema yanzu, mai karkatacciyar sandar tuƙin, ban san inda kika kai shi ba. Laifina ne, ki yafe mini.

Da kakarki Aslaug ta rasu, sau uku na shiga jirgin ruwa na je wurin likita na ce kafaɗa ke ciwo. A na ukun ya ce, "Torleif, kafaɗar nan lafiyarta ƙalau." Ban shirya komai ba. Na zauna ina kuka, ina maganar miyar kifinta, zance ba kai ba gindi. Bai ba ni maki ba. Ya ce in dawo mako mai zuwa, na yi ta komawa har bazara.

Ba zan faɗa wa uwarki ba, ke za ki faɗa mata da bakinki. Amma Laraba ba ta jiran Kirsimeti. Ki bar shafi ukun nan a ɗaki.

Naki har kullum,
Tsoho mai taurin kai

Bodø, Laraba

Kaka,

Gaisuwa. A kan gwiwata nake rubutu, a bencin ƙofar Gunvor, shi ya sa layin ya karkace. Ban kwafe ba. Ban zo da komai ba sai wannan takardar, ban kuma san abin da zan ce ba.

Mutum ɗaya ne a gabana. Ga shi ya fito.

Oline