Bawa Ya Ɗaure Zugazugi

Daren Alhamis, watan Rajab, Fakku.

Yau ban ji ƙarar guduma ba. Na kai ma Bawa maƙeri karyayyen kalmen nomana, na iske shi shina ɗaure zugazugi da igiya. Tokar maƙera ta yi sanyi.

Tun kakanninmu, kowane gida na ba maƙeri damin gero ga kaka, shi kuwa shi gyara muna kayan noma duk damana. Bana kowa na faɗin gero bai yi ba. Na yi magana masallaci har muryata ta dishe, gidaje kaɗan sunka kai. Marowatan banza!

Nic ce, "Baba Bawa, zamna, in kawo nawa da na ƙanena."

Yac ce, "Malam, dami biyu ba su riƙe iyali. Mutanen sarki sun zo daga Tambuwal biɗar maƙera. Kibau da kawunan mashi suka so. Bin su za ni yi."

Ɗazu na ga walƙiya gabas. Ruwa na tahe, ba mu da mai ƙera muna kalme. Kuma na kasa tambaya tai wa za a harba da kiban nan.