Zaman da Na Yi Ranar Ƙato Bayan Ƙato

Gidan Tambai,
ta Tsanyawa.
6 ga Agusta.

Zuwa ga aminina Malam Nababa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar? Yaya Hajiya Kaltume, da Abdulrauf da iyalinsa? Ina fatan zaman Rijiyar Zaki yana karɓarka, ko da yake na san kai da ɗaki mai silin sai dole. Mu nan muna lafiya. Ruwa ya yi gyara, gero ya fara fitar da kai.

Da waya zan kira ka, to kunnen nan naka ya lalace, sai na yi ta ihu duk gida sun ji kafin kai ka ji rabi. Shi ya sa na nemo biro. Zan ba direban motar Kano ranar kasuwa ya kawo maka.

Saƙonka ya iso ta bakin Buwai, wai ka sara mini, wai ashe da sauran masu aƙida a ƙasa. Na gode. Amma tunda a bakin mutane ka ji, bari ka ji a nawa.

Ka san babban gidana, ɗan farina, mijin Jemima. Bana ya ajiye aikin koyarwa ya fito neman kansila a mazaɓarmu. Ni tun da soja suka rushe jam'iyyarmu ta makulli ban sake riƙe katin kowa ba, in an tambaye ni sai in ce ni ɗan talakawa ne mai ra'ayin sauyi, iyakarta ke nan. Shi ya kawo mini katin jam'iyyarsu har ɗaki, na karɓa. Aka sa ranar fid da gwani a filin firamare, aka ce ƙato bayan ƙato za a yi: ɗan takara ya tsaya a gaba, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga kowa yana gani. Su biyu ne, shi da Ɗan Iya mai awon hatsi.

Nababa, da ka ga layin yaron nan da ka yi murna. Ba mutanen majami'armu kaɗai ba, har 'ya'yan ƙanenka da ladanin unguwarku suna ciki. Tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa ganin ɗan gidajenmu ya kai nan ba. Ni kuwa ban shiga layin kowa ba, na samu gindin ɗorawar bakin fili na zauna. Su Buwai, tsofaffin nan bakwai da tun zamaninmu ƙafata suke kallo ranar zaɓe, da suka ga na zauna sai suka fito daga layin yaron suka zo suka zauna tare da ni. Aka ƙirga. Ɗan Iya ɗari biyu da sha ɗaya, yaron ɗari biyu da shida. Mu takwas ne a gindin bishiya, sai ka yi lissafin da kanka.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Wai Baƙo ya ƙi ɗansa saboda ya daɗe yana cewa mulki ba gado ba ne, ba zai ara wa kowa sunansa ya hau kujera ba, ko da jininsa ne. An ce har hotona ina zaune samari sun sa a waya, sun rubuta dattijo mai aƙida. Shi kansa Ɗan Iya ya zo da goro ya durƙusa. Na karɓa, ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yaron. Bai ɗaga mini murya ba. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki fartanya mu tafi gandu, amma sai ya kama kunya daga can ƙarshen gona, ni ina wannan ƙarshen. Jiya da Jemima ta kawo mini fura ta tsaya tana murza bakin zane, ta ce wata makarantar kuɗi a Kano ta yi masa tayin aiki, kuma in ya tafi da su duka zai tafi. Ta ce bai ba su amsa ba tukuna.

Shekarata saba'in da biyu. Ƙannensa mata ne, duk suna gidajen mazajensu. In ya fita, gidan nan ya zama ni da kaji.

Ka gaishe da mutanen gida da kyau. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka,
Baƙo Tambai.

Gidan Tambai,
27 ga Agusta.

Malam Nababa,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya iyali? Takardarka ta same ni, da man zafin da ka haɗo, Allah ya saka da alheri. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kan taɓo, amma na karanta.

Ka ce ka san ni shekara arba'in da biyar, ka san in aƙida ce ta zaunar da ni da ban yi shiru ba, da na hau kan benci na yi wa filin nan jawabi har rana ta faɗi. Ka ce akwai abin da na bari a ciki. Ka kama ni. Da ma tun muna samari kai ne mai gano ni in na yi ƙarya.

Ba aƙida ba ce, Nababa. Kunyar ɗan fari ce.

Na fito daga gida da niyyar shiga layinsa, Allah shaida. Har sabon wankin riga na sa. Da na iso bakin fili na hango shi a gaba cikin farin kaftani, mata suna guɗa, wani yana kiran sunansa a lasifika. Sai na ga kaina ina ratsa mutanen nan duka, a ce ga Baƙo can ya je ya tsaya a bayan ɗan farinsa, yana taya shi nema ido na ganin ido. Sai na ja na tsaya. Ka san yadda muka taso, mu da ku duk ɗaya ne a nan. Ranar da aka haife shi barin gidan na yi, na kwana uku a wurin kawuna. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Shekara arba'in da ɗaya sunansa bai fita daga bakina ba, ko a takardar nan ka ga ban iya rubuta shi ba. Ranar da ya gama kwaleji aka yi walima, gona na tafi. Marigayiya uwarsa ma haka ta yi har ta koma ga Ubangiji.

Na ce a raina bari in ɗan zauna, in layi ya yi tsawo hankali ya koma gaba sai in sulale in tsaya a can ƙarshe, ba wanda zai lura. Ban gama gyara zama ba sai ga Buwai ya dafa sanda ya nufo ni, sauran suna biye. Buwai ya zauna yana gyaɗa kai, ya ce ya gane, ya ce haka maza suke. Kalma ɗaya ta isa, in ce ku tashi mu je. Amma da wane baki zan ce wa sa'o'ina su taso su taya ni tsaya wa ɗan farina? Ina ta juya maganar a baki har mai ƙirga ya wuce rabin layi. Yaron ya waiwayo sau ɗaya ya dube mu, ya mai da kansa.

To ka ji mai ra'ayin sauyin naka. Ni ne na ƙi cire takalmi a ƙofar hakimi kana tsaye kana kallo. Ni ne na kwana biyu a ɗaure kan maganar haraji. Shekaru nawa na yi ina kiran mutane 'yan mazan jiya, ina cewa kansu a tukunya yake? Fastonmu ma ya sha faɗa a wa'azi cewa wannan kunyar ba ta cikin Littafi, ina daga layin gaba ina cewa amin. Ashe duk sauyin da nake nema na gidan wasu ne, bai taɓa shigowa zaurena ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabon. Da aka ce mai aƙida, daɗi na ji. Ya rufa mini asiri, kuma sunan da na fi so ke nan a duniya. Sati uku ina yawo da shi kamar rigar aro.

Gero ya kusa isa yanka. Jemima ta ce makarantar ta ba shi zuwa bayan girbi. Shin in bar shi da abin da gari ya gaya masa, ko in faɗa masa gaskiya? Ina ganin in ya san ba ƙinsa na yi ba, ba kuma raina tafiyarsa na yi ba, zuciyarsa za ta sauko ya zauna. Amma tsoro nake ji, ban san na mene ne ba. Ka ba ni shawara, kada ka daɗe.

Ka miƙa gaisuwata ga Hajiya. Allah ya bar zumunci.

Amininka,
Baƙo.

Gidan Tambai,
24 ga Satumba.

Aminina Nababa,

Gaisuwa da fatan kana samun sauƙi, kai da duk na tare da kai. Mun yanke gero, ya yi kyau bana, mun gode Allah.

Ka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in faɗa masa. Na faɗa. Kada ka ɗauka ina ɗora maka laifi, domin ko ba ka ce ba da na faɗa, abin ya riga ya fi ƙarfin cikina.

Ranar Alhamis ce da hantsi, muna ɗaurin dami mu biyu. Ban iya dubansa ba, damin da ke gabana na yi wa magana. Na gaya masa duka, yadda na rubuta maka, har wankin rigar. Na ce ya yafe mini. Rabon da in yi masa magana mai tsawon wannan tun yana firamare.

Ya ajiye igiyar hannunsa ya zauna a kan kunya. Da ya buɗe baki a hankali ya yi magana, da ladabinsa kamar kullum. Ya ce tun ranar nan duk wanda ya yi masa dariya a kasuwa, amsa ɗaya yake ba shi, cewa ubansa mutum ne da abin da ya yarda da shi ya fi masa ɗansa, kuma irin wannan uban ba kowa ke da shi ba. Ya ce da wannan yake ɗaga kai yana tafiya a gari. Ya ce har ya fara tunanin ko ina da gaskiya, ko ya yi gaggawa, ko ya kamata ya zauna ya yi wa mutane aiki da sunan kansa ya sake fitowa gaba. Sannan ya ce, ashe ba wani abu ne ya kayar da shi ba, ubansa ne kawai ba zai iya tsayawa a bayansa mutane suna kallo ba. Ya ce in ya sake fitowa shekara uku masu zuwa ma haka za a yi, ko ba haka ba? Nababa, na so in ce a'a. Na buɗe baki, na tuna filin nan da guɗar nan, na kasa yi masa alkawari. Ya jira ni. Da ya ga shirun ya yi yawa sai ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ya tashi ya ci gaba da ɗauri. Mu biyu muka kwashe geron nan tas muka zuba a rumbu.

Daga baya Jemima ta gaya mini tana hawaye cewa kafin ranar ya riga ya ce mata su haƙura da Kano, har ya yi maganar gyaran rufin ɗakinsu. Da ya dawo daga gona a ranar ya kira makarantar ya ce yana zuwa.

Na je na sami Buwai na gaya masa gaskiya, ko nauyin ya ragu. Dariya ya yi, ya ce sauƙin kai ne irin na manya, ya ce su ai sun san abin da suka gani. Har yau in na shiga kasuwa mai aƙida ake kirana. Na daina amsawa, sun ce kunnena ne ya fara bin naka.

Litinin suka tafi. Ya shigo ya durƙusa, Jemima da yara uku suna bayansa. Na sa musu albarka. Ƙaramar ta riƙe mini riga tana tambaya ko zan biyo su gobe. Da a-kori-kurar ta tashi na fito ƙofar gida na tsaya har ta sha kwana. Yanzu maƙwabciyarmu ke aiko mini da tuwo. In na farka da safe sai in kasa kunne in ji takunsa a zaure, sai in tuna.

Ga abin da nake roƙonka. An ce ɗakin da suka kama yana nan Rijiyar Zaki, bayan makarantar, ba nisa da ku. Ka sa Abdulrauf ya nemo su. Ka riƙa kiran yaron yana zuwa, ka zaunar da shi kusa da kai ka tambaye shi aiki, ka yaba masa in ya yi abin yabo. Kai ba abin da zai hana ka. Yana son a yi masa hirar zamanin da, kuma ba ya cin yaji da yawa.

Direba zai sauke maka buhun gero ɗaya tare da takardar nan, na sabon girbi ne, guminsa ne a ciki. Nasu ne. Za ka ga layin da na soke a ƙasa, da na rubuta ka ce Buwai ne ya aiko. Kada ka bi wannan. Ka ce masa ubansa ne ya aiko, ka faɗa a gaban duk wanda yake wurin.

Ka gaishe da Hajiya Kaltume da yara. Ka sa ni a addu'a, ni ma kana cikin tawa.

Ni ne naka,
Baƙo.