Kada Ka Jona Wuta Tukuna

Auta,

Na leƙa na tarar kana barci, ni kuma dole in yi sammakon aiki.

Jiya bayan ka fita na kwashi kayan kwamfutar wasan da marigayi yayanka ya tara, na kai wa mai gyara na bakin kasuwa. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Mama, wanda ya zaɓi waɗannan bai yi ɓarna ba. Katin hoton na hannu ne, amma lafiyarsa ƙalau." Na ce masa ai takalminsa sai da ya cinye wajen zagayen shaguna.

Da ya zo kan abin raba wuta mai arha da ka sayo, sai ya ture shi gefe. Ya ce irinsa in wuta ta yi ƙarfi ba ya mutuwa shi kaɗai, da sauran kayan yake tafiya.

To, ka yi haƙuri. Akwatin nan mai gilashi da fitilu na mayar, na musanyo abin wuta mai kyau. Na san ranka na kansa. Tsohon akwatin ƙarƙashin gado zai ɗauke su, an gwada.

Kada ka jona komai sai mai gyaran ya zo da yamma. Na gaji, Auta. Akwati ana sake saya. Waɗannan kuwa in sun ƙone, babu wanda zai sake zaɓa mana su.

Mamarka