Tiren da Bai Shiga Tanda Ba

São José dos Campos, 9 ga Maris, 1995

Yaya Zuleide,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Valdomiro da yara. Yaya ƙafar Mama?

An ɗauke mana sinadarin nan da muke wanke ƙananan ƙarafan jirgin sama da shi, wai tururinsa ke ɓula iskar da ke tare mana zafin rana can sama. Shekara goma sha huɗu ina tsoma ƙarfe a ciki, in ɗago ya bushe kafin ƙiftawar ido, in jefa a leda in liƙe. Yanzu ruwa da sabulu ne, sai ka ce kwanonin abinci. Kuma dole kowane tiren ƙarafan ya yi minti arba'in a tanda, don ruwa na laɓewa a ramukan da ido ba ya gani. Ni dai na karɓa hannu bibbiyu. Seu Genésio kuwa, tsohon da ya koya mini aikin, kullum cikin mita yake: "'Yar nan, da furfurata za a koya mini wanke-wanke?"

A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Dalva

2 ga Mayu

Yaya Zuleide,

Ina gaisuwa, ina fata Mama ta samu sauƙi. Ni dai jikina a sanyaye yake.

An buɗe leda wajen gwaji aka tarar da tsatsa a tire guda cur, kuma na na'urar da ke nuna wa matuƙi ko jirgi ya karkata ne. Allah ya rufa asiri ba a kai ga ɗaurawa ba. Injiniyarmu Dona Odete ta ce tiren bai ga tanda ba. Mu biyu ne kawai a teburin, ni da Seu Genésio. Da ta tambaye ni, na ce ai kowa ya san wanda ya raina tandar. Seu Genésio ya tuɓe safar hannunsa ya ninke. An dakatar da shi, ana ma zancen kora, alhali wata takwas ya rage masa ya yi ritaya. Har yanzu na kasa yarda mutumin da ke dukan hannuna kan ƙura guda zai yi wannan ganganci.

Taki,
Dalva

11 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Yau da hantsi ina aiki ina tunanin abin da zan dafa, sai na duba hannuna. Leda ce liƙe, cikinta ya yi raɓa. Daga ruwan ɗauraya na ɗauko tiren, ga tanda a bayana ko taɓa ta ban yi ba. Hannuna ne ya yi aikinsa na da, bai shawarce ni ba. Ashe tiren nan mai tsatsa ma aikina ne.

Da aka tashi na wuce gidan Seu Genésio, na same shi yana ba latas ɗinsa ruwa. Na faɗa masa, ina jiran zagi. Bai ko ajiye bokitin ba. Ya ce, "Na sani, 'yar nan. Sau biyu ina kwance ledarki in kin juya baya, in kai tanda. Na ukun ne ya kuɓuce mini, ranar da na je cire haƙori." Na ce to me ya hana shi magana gaban Dona Odete? Ya ce, "Ke 'ya'ya biyu gare ki, ba miji. Ni latas gare ni. Ki kama bakinki."

Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Amma ba zan kama bakina ba. Gobe ƙarfe bakwai ina ofishin Dona Odete. Kada ki gaya wa Mama tukuna. Ki dai share mana ɗakin baya, ni da yaran.

Ƙanwarki,
Dalva