Sallar Bakin Titi

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin sauka lafiya. Ina tuna miki abin da ya sa na roƙe ki ki je wurin 'yata, takwararki. Shekara biyu tana koyarwa a ƙasar mutane, kullum sai ta ce min lafiya lau. Ki duba min da idonki. In har Sallah ma a kaɗaice take yin ta, babu dangi babu maƙwabci, ba za ta sabunta aikin nan ba, ƙarshen zango ta dawo gida. Ta yi alkawarin bin abin da na yanke.

Allah ya ƙara girma.
Ɗanki, Auta

Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida da wannan tumbin naka. Ga rahoton 'yar leƙen asirinka.

Gaskiya ka yi zargi daidai. Benen nan hawa biyar ne, kowa ƙofarsa a rufe kamar ana bin sa da sanda. Ranar Sallah muna dawowa daga idi Takwara ta wuce makaranta, don su a nan ba a ba da hutun Sallah. Ta ce, "Kaka, kar ki kunna wuta sai na dawo." Ni da nake suya tun ubanka bai san hanyar gidanmu ba!

Na rufe tagogi saboda sanyi, na ɗora nama. Ashe akwai wata 'yar magulmaciyar na'ura a manne a silin, da ta ji hayaƙi sai ta kurma ihu. Ta tada 'yan uwanta na kowane hawa. Auta, bene guda ya zubo titi! Wani da kumfar aski, wata rungume da kyanwa, ni kuma da tukunyata, don ban ga dalilin barin ta ba.

Ana cikin haka sai ga Takwara da jakar littattafai. Na ce yau ta kore ni. Ko kallona ba ta yi ba. Ta tafa hannu sau biyu irin na aji, sai ga gardawa masu gemu sun yi layi. Ta ƙirga su, ta ce saura ɗaya, tsohon hawa na huɗu da ba ya ji sosai. Ta haura da gudu ta sauko da shi a hankali, har da sandarsa. Wallahi kowa da ɗakinsa ta san shi, su ne dai ba su san ta ba.

Da 'yan kwana-kwana suka zo suka ga ba gobara suka tafi, ta ba jama'a haƙuri, ta ce yau idinmu ne, ga wadda ta gayyace ku. Ta nuna ni! Aka yi dariya. Mai kumfa ya kawo teburi, mai kyanwa ta kawo burodi. Tukunya ta ƙare tas, tsohon nan ma loma uku ya ƙwace daga rabona.

Tun ranar ƙofarmu ba ta huta da ƙwanƙwasa ba. Ka yanke abin da ka ga dama, amma ka sani ni ka haifa mini ita, ba kai ba.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka

Inna,

Na gaishe ki. Na karanta sau uku. Ki ce mata ta sa hannu a takardar sabunta aikin, Allah ya taimaka. Ke kuma yaushe za ki dawo?

Auta

Auta,

Sai bayan Sallah mai zuwa. Sun ce in sake suya, amma wai wannan karon in buɗe taga.

Innarka