Ƙofar Dumi a Gefen Yankari

Laraba, da dare

"Hauwa, ina kika kai mana unguwar Ƙofar Dumi?" in ji Oga, yana nuna kwamfuta.

Manhajar da na rubuta don shigar da taswira cikin rumbun bayanai ta musanya lambar tsaye da ta kwance, masu nuna inda kowane wuri yake. A Bauchi lambobin kusan ɗaya suke, shi ya sa garin bai faɗa teku ba, ya dai zame gefen dajin Yankari. Gobe waɗanda suka ba mu aikin za su duba, in suka ƙi, kwantiragina ya ƙare.

Gyaran layi ɗaya ne. Amma na tsaya kallon ɗigon gidanmu na Ƙofar Dumi a taswirar, ina hangowa a raina: Inna na shanya, giwaye na wucewa bayan katanga, babu ƙarar babur.

"Da sassafe zan dawo da 'yan unguwar, Oga. Yau su huta."

Na ja ƙofa na fito.